Tambaya da Amsa: Rizga da tumuku maganin ciwon suga ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Saminaka. Mahaifina yana fama da ciwon suga, sai wata maƙwabciyarmu ta ce mu riƙa dafa masa rizga da tumuku, wai magani ne. Haka ne? Kuma ina da ɗan fili a bayan gida, zan iya shukawa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Rizga da tumuku abinci ne, ba magani ba. Sitaci ne ya fi yawa a cikinsu, kamar doya da dankali, shi kuwa sitaci suga yake komawa a jini. Baba zai iya ci, amma ɗan kaɗan, dafaffe, da wake ko miyar ganye. Abin da na fi tsoro shi ne a jingine maganin asibiti saboda maganar maƙwabciya. Don Allah kada a yi haka.

Amma fa kada ki raina su. Rizga ta fi rogo sinadarin gina jiki, ba ta da gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, ba ta kuma ƙaiƙayin maƙogwaro irin na gwazar da ba ta dahu ba. Shi ya sa a Filato da Kudancin Kaduna za ki ga an kankare ta ana ci ɗanya. Tumuku kuwa sai an dafa. Idan ya dahu, da yatsa kawai ake murje ɓawon. Ki murza ganyensa ki sunsuna, za ki ji ɗan ƙamshi, don dangin ɗoɗɗoya ne.

Shuka kuwa ki yi, filin bayan gida ya isa. Ki yi kunya mai tudu a ƙasa mai yashi-yashi inda ruwa ba ya kwanciya, ki zuba takin gida, ki binne irin da damina ta zauna. Idan ya yi reshe, ki riƙa tura ƙasa a gindi, a nan 'ya'yan suke fitowa. Bayan wata 5 zuwa 6 ganyen tumuku zai yi ɗorawa, lokacin tono ya yi. Rizga takan ɗan fi haka daɗewa.

Wahalar tana wajen iri, domin tumuku ba ya jure ajiya. Abin yana damuna ƙwarai yadda masara da dankalin Turawa suka ture su, har irin ya koma hannun tsofaffin mata. Ki nema wajensu a kasuwa da kaka, ki zaɓi marasa rauni, ki adana cikin busasshen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa, har ruwa ya sauka.