Amsa ga ɗiyata a kan sunayen mutanen Bretagne

Assalamu alaikum, ɗiyata. Saƙonki ya iso, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya sa ki jure ruwan saman Brest, birnin nan na yankin Bretagne a yammacin Faransa. Kin tambaye ni me ya sa sunayen 'yan ajinku da yawa ke farawa da Le ko Ker, kuma kika duba ƙamus na Faransanci ba ki sami ma'anarsu ba.

Ai ba za ki samu ba, don ba Faransanci ba ne. Kakannin mutanen nan daga tsibirin Birtaniya suka ƙetaro teku a ƙarni na 5 da na 6, suka zo da harshensu da ake kira Breton, ɗan'uwan na mutanen Wales. Le ɗin kaɗai ne Faransanci a cikin sunan. A bakinsu "ar" ko "an" suke cewa, masu rubuta rajista suka musanya shi. In kin cire shi, abin da ya rage laƙabi ne zalla, irin namu.

Le Goff maƙeri ne, Le Calvez kafinta, Quéméner tela, Le Guyader masaƙi. Sauran kuma da siffar jiki aka kira su: Le Hir shi ne Dogo, Le Berre Gajere, Le Guen Jatau, Le Du Duna, Le Bihan ƙarami, Le Moal mai sanƙo. Bambancin ɗaya ne. Mu in Dogo ya rasu, yawanci laƙabinsa ya bi shi. Su kuwa takarda ta riƙe shi, jikoki suka gada, har ki ga zankaɗeɗen saurayi yana amsa Le Bihan. Wanda ya fi burge ni Le Gall, wato baƙon da ke Faransanci, kamar yadda muke ce wa maƙwabci Bazabarme ko Babarbare. Ki duba fa, a can Bafaranshe ne baƙo.

Ker kuwa gida ne ko ƙauye. Kerjean Gidan Jean ke nan, Kermarrec gidan barde. Mutum ya ɗauki sunan mahaifarsa kamar yadda muka san Aminu Kano da Shehu Shagari. Kerguelen, jami'in sojan ruwan da ya hango wasu tsibirai a kudancin Tekun Indiya a 1772, har yau da sunansa ake kiran su, asalin sunan ƙauye ne mai kelenn, wani itace mai ƙaya a ganye. A yankin Léon, inda kike, za ki ji Abgrall da Abiven. Ab ɗin nan shi ne "ɗan", kamar ɗan Fodiyo. Tanguy ya girme su duka, wuta da kare aka haɗa, kirari ne na mayaƙa.

An haɗe Bretagne da Faransa a 1532, a 1539 kuma sarki François na ɗaya ya umarci limaman coci su riƙa rubuta jariran da aka yi wa baftisma, takardun hukuma su koma Faransanci. Kowane magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji, shi ya sa za ki ga Le Bras nan, Le Braz can.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, da yawa daga masu sunayen nan ba su jin harshen da aka raɗa musu su da shi. A makarantunsu an rataya wa yara takalmin katako a wuya in suka yi yaren gida, ana kiran abin symbole. Mu ma da wannan sunan muka san shi a firamare, na kuwa sha ɗaukarsa saboda Hausa ta kuɓuce mini. Sai a 1977 suka buɗe makarantun Diwan masu koyarwa da harshensu.

In ƙawarki ta kai ki gidansu, ki gai da kakarta da kyau, ki roƙe ta ta faɗa miki sunan gidan da bakinta, za ki ji ya bambanta da na takarda. Innarki na gaishe ki.

Kawunki.