Digirin DO a Amurka: likitanci ne ko ɗori da tausa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe ta digirin farko a wata jami'a a Amurka. Wata makarantar likitanci mai ba da digirin DO (likitancin ostiyofati) ta ba ni gurbi, makarantun MD (digirin likitanci da aka fi sani a nan) kuwa ba su kira ni ba bana. Babana a Kano ya ce ba zai zuba dukiya a kan karatun ɗori da tausa ba. In karɓa, ko in jira baɗi in sake neman MD? Burina in zama likitar yara, kuma ina son wata rana in koma gida in yi aiki.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki fara kwantar wa Baba da hankali, domin ba a banza ya yi wannan zato ba. A Ingila da yawancin ƙasashen Turai, wanda ya karanta ostiyofati ba likita ba ne, aikinsa gyaran gaɓɓai da jijiyoyi da hannu. A Amurka abin ya sha bamban. Mai digirin DO cikakken likita ne a dukkan jihohi 50: yana rubuta magani, yana kwantar da majinyaci, yana yin tiyata idan ya ƙware a kanta. Andrew Taylor Still ne ya buɗe makarantar ostiyofati ta farko a Kirksville ta jihar Missouri a 1892, kuma a yau kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka a irin waɗannan makarantu suke. Kevin O'Connor, wanda ya yi wa Shugaba Biden likita lokacin da yake Fadar White House, DO gare shi.

Karatun shekara huɗu ne, kamar na MD. Biyu a aji da ɗakin gwaji, biyu a asibiti. Abin da aka ƙara shi ne kimanin awa 200 na koyon duba jiki da gyara shi da hannu. Wani sashe nasa yana da amfani, musamman a ciwon baya, kuma yana sa hannun ɗalibi ya saba da laluben jiki tun da wuri. Wani sashen, kamar da'awar motsa ƙasusuwan kai don warkar da cuta, hujjarsa ba ta da ƙarfi, amma dole ki haddace shi saboda jarrabawa. Yawancin likitocin DO ba su cika amfani da wannan fanni ba bayan sun fara aiki.

Akwai abin da ya kamata ki sani tun yanzu game da wannan darasi. A jikin juna ɗalibai suke koyo. Ana shiga ɗaki mai jerin gadajen gwaji, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya laluba masa ƙashin baya, haƙarƙari da ƙugu, sannan a sauya. Yawancin makarantu suna son a sa gajeren wando da 'yar riga, kuma ana haɗa maza da mata. Ki rubuta wa makarantar kafin ki biya komai, ki tambayi wane sassauci suke yi a kan sutura da abokin gwaji, ki karɓi amsar a rubuce.

Inda makarantun DO suka fi bambanta da juna, kuma inda ya kamata ki fi zuba ido, shi ne shekara ta uku da ta huɗu. Yawancin makarantun MD suna da babban asibitin koyarwa manne da su. Da yawa daga cikin na DO ba su da shi, sai su rarraba ɗalibai zuwa asibitoci da ɗakunan shan magani a garuruwa daban-daban, wani lokaci a wata jiha. Idan an dace, alheri ne: ɗaliba ita kaɗai a gefen likita, tana ɗinke rauni, tana karɓar haihuwa, abin da ba lallai ta samu ba a asibitin da ke cike da masu neman ƙwarewa. Idan ba a dace ba, sai ta shafe makonnin zagayen yara, wato lokacin koyon aiki a fannin yara, a ɗan ofishin likita guda, tana kallon mura da allurar rigakafi, ba ta taɓa bin yaron da aka kwantar ba tun daga shigarsa har sallama. Ga mai son zama likitar yara wannan babban giɓi ne. Saboda haka ki tambaya: a waɗanne asibitoci ake zagayen shekara ta uku, kuma a gari ɗaya suke? Zagayen yara a ɗakin kwanciya ake yi ko a sashen masu zuwa su tafi? Asibitin yana da nasa shirin horar da masu neman ƙwarewa? Wa ke nemo wuraren shekara ta huɗu, makaranta ko ɗaliba? Ki nemi 'yan shekara ta huɗu su amsa miki, ba jakadun da ofishin ɗaukar ɗalibai ya zaɓa ba.

Sai nauyin jarrabawa. Dole ki ci COMLEX, jarrabawar lasisin masu DO, mai matakai uku. Tun 2020 an haɗe tsarin horon ƙwarewa na MD da DO ya zama ɗaya, kowa yana neman gurbi a kasuwa guda, kuma wasu shugabannin shirye-shiryen sun fi sabawa da makin USMLE, jarrabawar lasisin masu MD. Shi ya sa ɗalibai da yawa suke zana duka biyun, kuɗi biyu, wahala biyu. Tun 2022 matakin farko na kowacce ya koma ci ko faɗuwa kawai, don haka makin mataki na biyu ne ya ɗauki nauyi.

A rabon guraben horon ƙwarewa na watan Maris, sama da kashi 90 cikin ɗari na 'yan shekarar ƙarshe na DO suna samun wuri. Amma ki lura da fannin. Likitancin iyali, na manya, na yara da na gaggawa, ƙofarsu a buɗe take. Fata, tiyatar ƙwaƙwalwa da tiyatar gyaran jiki kuwa, hawan tsauni ne ga mai DO. Da ɗaya daga cikinsu kike so, da jiran MD yana da ma'ana. In kina duba alƙaluman makaranta, ki bambance waɗanda suka samu gurbi a zagayen farko da waɗanda aka cusa daga baya a guraben da suka rage, domin wasu makarantu suna haɗe su su fitar da lamba mai kyau. Ki kuma tambayi mutum nawa suka fara aji, nawa suka gama a shekara huɗu. Ki tabbatar hukumar COCA, mai tantance makarantun DO, ta ba makarantar cikakkiyar amincewa. Sabuwar da ba ta yaye ko aji ɗaya ba ba ta da abin da za ta nuna miki.

Batun kuɗi ba wasa. Mafi yawan makarantun DO masu zaman kansu ne, kuɗin shekara yakan haura dala dubu 50, ban da haya, mota da ƙaura tsakanin asibitoci. Na gwamnati kaɗan ne, kamar na Jami'ar Michigan State, Jami'ar Ohio da Oklahoma State. Idan da bizar karatu kike zaune, ba ki da damar bashin gwamnatin tarayya. Kuɗin riƙe gurbi ma yakan kai dala dubu ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa ba a mayarwa.

Game da komawa gida, duk wanda ya yi karatu a waje sai ya bi ta hukumar MDCN, mai ba likitoci lasisi, kafin ya taɓa majinyaci a Najeriya. Ki aika musu sunan makarantar da sunan digirin, ki ajiye amsarsu. Ki sa rai kuma za ki riƙa yin bayanin haruffan nan biyu, domin MBBS aka sani.

Shawarata, tunda yara kike so: idan makarantar ta daɗe, tana da tsayayyun asibitoci da ɗakin kwantar da yara, ki karɓa. Jira yana da riba ne kawai idan kina da abin da zai sauya a takardunki, misali makin MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, da kike da tabbacin ɗagawa daga kewayen 504 zuwa 511 ko sama. Idan kuwa makarantar ta kasa gaya miki sunan asibitin da za ki yi shekara ta uku, kada ki biya kuɗin riƙe gurbin.