Zauren Tsohon Akawu: "An Ce In Sa Hannu a Kan Aikin da Ban Gani Ba"

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun yi yawa, na zaɓi huɗu. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi mini haƙuri, tana nan cikin jaka. Kamar kullum na cire sunaye, domin wasu masu tambayar suna bakin aiki har yanzu.

TAMBAYA: Baba, barka da hutawa. Watana takwas da kama aiki a wata ma'aikatar jiha. Makon jiya maigidana ya turo mini bauca, wato takardar biyan kuɗi, ta gyaran wani asibitin karkara, ya ce in sa hannu a gurbin da ke nuna an duba aiki an gamsu. Ni ko garin ban taɓa zuwa ba. Da na yi jim, sai ya ce kowa haka yake yi. Ina da mata da jariri, kuma da ƙyar na samu aikin nan. Yaya zan yi?
Daga wani ƙaramin ma'aikaci.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi jim ɗin nan. Ka riƙe shi da kyau.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Na kama aikin akawu a 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule. A 1982, zamanin Shagari, ina wata ma'aikata da ba zan kama sunanta ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976 ake ta gina azuzuwa a ƙauyuka, kwangila kamar ruwan sama. Wata rana aka ajiye mini bauca, wai an kammala azuzuwa shida a wani ƙauye, saura sa hannuna a biya ɗan kwangila. Ranar Asabar na shiga motar kasuwa da kuɗin aljihuna, inda mota ta tsaya na ari keke na ƙarasa. Na tarar da azuzuwa huɗu an kai su linta babu rufi, biyu ko harsashi ba a haƙa ba. Yara suna zaune a gindin tsamiya, an jingina allo da jikin itacen. Hedimasta ya kawo mini ruwa a moɗa, ya ce rabonsa da ganin magina tun kafin damina.

Ranar Litinin na buɗe fayil na rubuta layi uku: ranar da na je, abin da na tarar, da shawarar a dakatar da biya. Na sa hannu, na sa kwanan wata. Ban zagi kowa ba, ban ambaci sata ba.

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗanɗana kuɗata. Cikin mako biyu aka mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, inda babu rangadi balle alawus. Ƙarin girma ya tsallake ni sau ɗaya. Uwargidana, Allah ya jiƙanta, ta tambaye ni ko laifi na yi, na rasa yadda zan yi mata bayani. Kuɗin kuma an biya, domin an samu wani yaro sa'ana ya sa hannu.

Sai ga 31 ga Disamba 1983, sojoji suka karɓi mulki, aka kafa kwamitocin bincike ko'ina, aka ce a fito da fayiloli. A lokacinmu kowane shafi na fayil yana da lamba a samansa, in ka yage ɗaya giɓin zai tona maka asiri. Layukana uku suna nan daram. Ni minti goma na yi a gaban kwamiti aka sallame ni. Yaron nan kuwa ya rasa aikinsa. Ya rantse da Allah umarni aka ba shi, kuma na san gaskiya ya faɗa, amma maigidan ya ce bai san zancen ba. Umarnin da baki aka ba da shi, sa hannun kuwa ga shi a takarda. Har yau in na tuna fuskarsa a barandar nan raina yakan ɓaci, domin ba mugu ba ne, tsoro ne ya ci shi.

To ga shawarata. Kada ka yi wa maigidanka tsaurin ido, kada kuma ka kai maganar majalisar shayi. Ka same shi shi kaɗai, ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in je in gani, in dawo in sa hannu da kwanciyar rai." Gani ya kori ji. Mai yiwuwa ma an yi aikin, kai ne ba ka sani ba, kada ka fara da zato. In ka je, ka ɗauki hoto da wayarka, abin da mu ba mu da shi a da, ka rubuta abin da idonka ya gani kawai, ka ajiye kwafe a gida. In ya hana ka zuwa ya ce dole ka sa hannu, ka roƙe shi cikin ladabi ya sa maka umarnin a rubuce cikin fayil. A shekara talatin da biyar da na yi ina aiki, sau ɗaya tak na ga wanda ya yarda ya rubuta irin wannan umarni. Yawanci sai a janye baucar a nemi wani. Za a iya canza maka wurin aiki, ka shirya wa wannan, ka kuma gaya wa mai ɗakinka tun yanzu. Amma korar ma'aikacin da aka tabbatar masa da aiki sai an bi matakai, da takardar tuhuma da kwamitin ladabtarwa, kuma babu mai son ya rubuta cewa laifinka shi ne ka nemi ganin asibiti. Da yake watanka takwas kacal, ba a tabbatar da kai ba tukuna, don haka ka ƙara taka-tsantsan da harshenka, kada ka makara ko sau ɗaya, kada ka ba da wata ƙofa.

TAMBAYA: Baba, ku dattawa kullum cewa kuke zamaninku ya fi namu gaskiya. Tsakani da Allah, haka ne, ko dai begen ƙuruciya ne?
Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Ɗana, tambayarka ta yi mini daɗi. A'a, mu ba waliyyai ba ne. A zamaninmu aka yi odar siminti a 1975 har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas, ana biyan su kuɗin jira. Kafin mu ma, talakawa sun sha wuya a hannun wasu masu karɓar haraji da jangali, shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979 aka yi ta murna a karkara. Ɓarawo bai taɓa ƙarewa ba. Abin da ya bambanta shi ne a da akwai shinge, kuma mai tsallakawa ya san tsallakawa yake yi, yana jin kunya.

A ganina abubuwa uku suka karya shingen, kuma duk a kan idona. Na farko Udoji. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, ya kawo shawarwari masu yawa kan gyaran aiki, amma abin da aka ɗauka da gudu shi ne ƙarin albashi, aka haɗa mana da ariyas na watanni. Na sayi rediyo da keke sabo fil a mako guda. Kafin wata uku 'yan kasuwa sun ƙara wa komai kuɗi, manomi da bai ga ko kwabo ba shi ma ya sayi gishiri da farashin Udoji.

Na biyu shi ne ya fi yi mini nauyin faɗa, domin ina ƙaunar Janar Murtala, kuma na yi kuka ranar 13 ga Fabrairu 1976 kamar yadda Kano duka ta yi. Amma kakkaɓar da aka yi a 1975, wadda ta raba mutum fiye da dubu goma da aikinsu, ta bar tabo. A rediyo mutum zai ji sunansa, an sallame shi nan take. Wasu sun cancanta. Wasu kuwa takardar ƙorafi marar suna ce ta ci su, ba a ko saurare su ba. Wanda ya koya mini rubuta wasiƙar ofis yana cikinsu, dattijon da ko fensirin gwamnati ba ya kai wa gida. Aka ba shi kwanaki ya tashi daga gidan gwamnati, ba shi da ko fili. Mu matasa muna kallo, kuma darasin da da yawa suka ɗauka shi ne gaskiya ba ta hana kora, gara ka tanadi abin da za ka faɗa a kai.

Na uku gyaran 1988 na zamanin Babangida, da aka mayar da babban sakatare darakta janar, mai tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa shi. Wanda ya san kwanansa a kujera na hannun mai mulki, yaushe zai ce masa a'a? An dawo da tsohon suna bayan kwamitin Allison Ayida da ya sake duba tsarin aikin gwamnati, amma ɗabi'ar ta riga ta zauna. Saboda haka in ka ji muna yabon da, ka tambaye mu wane ne ya riƙe ofisoshin lokacin da abin ya lalace. Mu ne.

TAMBAYA: Baba, aurena saura wata huɗu. Mahaifina ɗan fansho ne, yana so ya sayar da filinsa ɗaya tilo don kayan ɗaki da gara, wai kada dangin miji su raina mu. Na hana shi, gwaggonnina sun ce na cika rashin kunya. Na yi laifi?
Daga wata 'yarka a Tudun Wadar Kaduna.

AMSA: 'Yata, ba ki yi laifi ba, Allah ya ba mu 'ya'ya irinki. Sai dai ki gane abin da ke ran mahaifinki. Mutumin da ya yi shekaru yana fita da safe ana gaishe shi, yau yana layin tantancewa da takardu a leda, bikin 'yarsa ne wurin da ya rage masa ya nuna shi ma mutum ne. Na aurar da 'ya'ya mata huɗu, biyu bayan na yi ritaya a 2008, na san wannan zafin.

Abin da addini ya wajabta sadaki ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Lefe da gara da kayan ɗaki al'ada ce, kuma al'ada ce mai kyau a asalinta. Kalmar lefe kanta sunan kwandon kaba ne da ake zuba kayan a ciki, ki auna girman kwando da akwati goma sha biyu na yau. Jere kuwa uwa ce ke tara shi a hankali tun yarinya na tallan goro, kwalla ɗaya bana, tasa biyu baɗi, dangi kowa ya kawo gudummawa. Ba a taɓa ɗora shi a wuyan mutum ɗaya cikin wata huɗu ba. Sannan atamfar da aka sa a lefen uwargidana nan Kakuri aka saƙa ta, kusa da ku. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 ta tsaya a farkon shekarun 2000, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta rufe a 2007. Yau yawancin abin da ke Kantin Kwari daga waje yake zuwa, dala na motsawa lefe na motsawa.

Kada ki yi jayayya da gwaggonninki, ba za ki ci riba ba. Ki nemi babban wan mahaifinki ko limamin unguwa, wanda yake jin nauyinsa, shi ya yi masa magana. Ki kuma gaya wa angon gaskiya ya sanar da iyayensa cewa gado da katifa da kayan girki za a kawo, saura a yi a hankali. Yadda zai karɓi wannan magana zai nuna miki irin gidan da za ki shiga.

TAMBAYA: Malam, me ya hana a riƙa rubuta takardun gwamnati da Hausa a jihohinmu?
Daga wani malamin makaranta a Daura.

AMSA: Malam, babu dokar da ta hana, mu ne ba mu yi ba. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da Hausa ake rubuta wa hakimai da dagatai, da ita ake muhawara tare da Turanci a majalisar Jihar Arewa a Kaduna, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939, ita ce ta riƙa kai labarin hukuma ƙauye. Tsarin mulkin 1999, sashe na 97, ya ba majalisar kowace jiha damar yin aikinta da harshen da ake ji a jihar tare da Turanci in ta amince da haka. Maƙwabtanku na Nijar kuma a 2025 suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Inda ake da ƙabilu da yawa, kamar Kaduna da Bauchi, dole a yi hattara kada wani ya ga an danne nasa, wannan gaskiya ne. Amma kasafin kuɗin ƙaramar hukumar da kusan kowa a cikinta Hausa yake ji, me zai hana a fassara shi a manna a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa?

Na taɓa gwadawa. Da aka tura ni wata ƙaramar hukuma a shekarun 1990, na fassara jerin ayyukan shekara a shafi biyu, na buga a tafureta, na aika wa kowane dagaci kwafe. Bayan sati uku wani tsoho ya zo ofis da takardar a naɗe cikin hularsa, jikansa ne ya karanta masa. Ya ce ya ga an rubuta rijiya a garinsu, ya zo ya ji ranar da za a fara haƙa, don su tanadi masaukin ma'aikata.