Tambaya da Amsa: Bishiyoyin da Ba Sa Kaɗe Ganye a Dakota

Tambaya: Ɗana yana karatu a birnin Fago na Amurka, ya aiko mini da hoton wasu bishiyoyi kore shar a tsakiyar dusar ƙanƙara, alhali na kusa da su duk sun kaɗe. Ina ne wannan wuri, waɗanne bishiyoyi ne, kuma za su yi a gonata ta hanyar Ɗambatta? Daga Alhaji Sani, Gwammaja, Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba yaro ilimi mai amfani. Fago shi ne birni mafi girma a jihar Dakota ta Arewa, wadda ta yi iyaka da Kanada, kodayake fadar gwamnatinta tana Bismak. Ita da maƙwabciyarta Dakota ta Kudu sun zama jihohi a rana ɗaya, 2 ga Nuwamba, 1889, kuma kogin Misuri ya ratsa su duka biyun. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar ciyawa ce, ruwan sama yana raguwa gwargwadon yadda mutum ya nausa yamma, har ma daji bai wuce kashi 2 cikin 100 na Dakota ta Arewa ba.

Bishiyoyin hoton ba za su wuce dangin fayin, sufurus ko junifa ba. Ganyen yawancinsu siriri ne kamar allura, da wani irin kaki a jikinsa, kuma nan hikimar take. Idan sanyi ya tsananta, kamar yadda ya kai digiri 51 ƙasa da sifiri a jihar cikin Fabrairun 1936, ƙasa takan daskare, saiwa ta kasa jan ruwa, sai hunturu ya zame wa bishiya rani. Kukarmu takan tsira daga rani ta hanyar zubar da ganye, su kuwa waɗannan ganyen nasu ne ba ya barin ruwa ya tsere, saboda haka ba su da dalilin rabuwa da shi.

Babban dajinsu na asali yana Baƙaƙen Duwatsu da ke yammacin Dakota ta Kudu, waɗanda ƙabilar Lakota ke kira Paha Sapa, domin duhun fayin yakan sa a hango su baƙi ƙirin daga nesa. Na bakin gonaki kuwa galibi dashe ne. Bayan fari da guguwar ƙura na shekarun 1930, gwamnatin Shugaba Rusabel ta dasa bishiyoyi kimanin miliyan 220 a jere tsakanin 1935 da 1942, tun daga Dakota ta Arewa har Tekzas, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar noma.

Game da gonarka, shawarata ita ce kada ka wahalar da yaro da neman iri. Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Fago kuwa tana wajen 47, kuma sufurus ba za ta jure zafin Afrilunmu ba. Abin ɗauka shi ne dabarar shingen, wadda ba baƙuwa ba ce a yankin Ɗambatta, inda aka daɗe da dasa jerin turare da darbejiya. Ka jera darbejiya ta gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke ɓullowa, ka dasa bayan damina ta kankama, sannan ka killace kowane dashe da ƙaya saboda awaki har ya fi ƙarfin bakinsu.