Tambaya da Amsa: Sunan uba na Rashawa ya cancanci shafin jerin sunaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗan taɓa rubutu a Wikipedia ta Hausa. Na ga akwai shafukan da ke jero mutanen da suka yi tarayya a suna ɗaya, kamar masu suna Ibrahim ko Ivan. To sunayen nan na tsakiya na Rashawa, irin su Vladimirovich da Sergeyevich, su ma ya kamata a buɗe musu irin wannan shafin, ko kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka buɗe, sai a wurare uku da za mu zo kansu.

Cikakken sunan Barashe kashi uku ne: sunan yanka, sunan uba, sunan zuriya. Na tsakiyar suke kira otchestvo, kuma ba raɗa shi ake yi ba, daga sunan mahaifi ake ƙera shi. Namiji a liƙa masa -ovich ko -evich, mace -ovna ko -evna. Mikhail Sergeyevich Gorbachev na nufin Mikhail ɗan Sergei. Valentina Vladimirovna Tereshkova, macen farko da ta je sararin samaniya a 1963, 'yar Vladimir ce. Aikin da "ɗan" da "'yar" ke yi a wurinmu, ko "bin" a wurin Larabawa, shi ɗafin nan yake yi. In sunan uban ya ƙare da -a ko -ya, ƙirar takan sauya: Ilya ya ba da Ilyich da Ilyinichna, Nikita ya ba da Nikitich da Nikitichna.

Shafin jerin sunaye don wanda ya riƙe rabin suna ya manta sauran ake yin sa. Wa zai nemi Gorbachev da "Sergeyevich"? Su kansu Rashawan haɗa shi suke yi da sunan yanka wajen girmamawa, ɗalibi ya ce wa malamarsa "Anna Petrovna". Kiran mutum da sunan uba zalla, kamar "Petrovich", na tsakanin abokan aiki ne da waɗanda aka saba, ba shi ake sawa a kan maƙala ba. Ga kuma yawa: kusan duk ɗan Rasha, Yukren ko Belarus da ke da maƙala yana da sunan uba, don haka jerin "Ivanovich" ba zai taɓa kammaluwa ba, kuma babu abin da ya haɗa mutanen ciki sai cewa ubanninsu takwarori ne. Lenin da Brezhnev, tsoffin shugabannin Tarayyar Sobiyet, duk Ilyich ne, ba su haɗa jini ba. Kamar ka ce za ka jero duk Bahaushen da sunan mahaifinsa Musa.

Wuri na farko da jeri ya halatta shi ne inda sunan uba ya daskare ya zama sunan zuriya. Nan ne masu gyara suka fi yin tuntuɓe, domin ido ba ya bambance su. Dubi Roman Arkadyevich Abramovich, tsohon mai ƙungiyar Chelsea: Arkadyevich ne sunan uba, Abramovich kuwa na zuriya, duk da ɗafin iri ɗaya ne. A Sabiya, Kuroshiya da Bosniya, sunaye irin su Petrović, Jovanović da Ibrahimović na zuriya ne da ake gado, mace da namiji ƙira ɗaya. Haka -wicz na Foland, kamar Cimoszewicz. Waɗannan a yi musu shafi kamar kowane sunan zuriya. Gwajin mai sauƙi ne: duba sunan mahaifin da na 'yar'uwar. In sunan ya bi uba, ɗa da jika bai sauya ba, na zuriya ne. In ya sauya da kowane tsatso, ko ya koma -ovna a jikin mace, na uba ne, kada ya shiga jerin.

Na biyu, 'yan sarauta da tarihi ya san su da suna da sunan uba kawai. Elizaveta Petrovna, 'yar Peter Mai Girma da ta hau mulki a 1741, da Anna Ioannovna da ta yi mulki daga 1730 zuwa 1740, da yarima Alexei Petrovich da ya mutu a 1718, ba a kiran su da Romanov a kan maƙalarsu. Amma a nan ma shafin rarrabewa, wato shafin da ke bambance maƙaloli masu suna iri ɗaya, na sunan biyu haɗe ake yi, kamar "Maria Feodorovna", saboda an yi matan sarki biyu masu wannan suna. Kuma ka yi hattara da wannan Feodorovna ɗin: gimbiyoyin waje da suka auri gidan sarautar Rasha ba su suna ake yi in sun shiga cocin Otodoks. Mahaifin Maria Feodorovna, uwar Sarkin Rasha Nicholas II, shi ne Christian IX na Denmak, ba wani Feodor ba. Wanda ya rubuta "'yar Feodor" ya ƙaga uban da babu shi.

Na uku ƙalilan ne: inda sunan uba ya zama laƙabi. "Ilyich" kaɗai a zamanin Tarayyar Sobiyet Lenin ake nufi, har aka sa wa wani gari a Yukren suna Illichivsk, wanda aka mayar Chornomorsk a 2016. Irin wannan layi ɗaya ya ishe shi a shafin rarrabewa.

Ga yadda za ka yi a aikace. Je shafin sunan yankan, a ce Ivan, ka ƙara sashe mai layi biyu ko uku da ke ba da ƙirar: Ivanovich da Ivanovna a Rasha, Ivanovych da Ivanivna a Yukren. Sai ka mayar da kowace ƙira shafin da ke miƙa mai karatu kai tsaye zuwa wannan sashen, har da bambancin rubutu irin Sergeyevich da Sergeevich, don harafi ɗaya na Sirilik, rubutun Rashawa, ake juyawa ta hanya biyu. In akwai masu ɗauke da ƙirar a matsayin sunan zuriya, su ne za su riƙe shafin, a sa layi a sama mai nuna cewa sunan uba ne kuma. A kowace maƙala ta mutum, jimla ɗaya a farko ta fayyace wanne ne na uba, wanne ne na zuriya. Mai son cikakken jeri don bincike ya nema a Wikidata, rumbun bayanai mai alaƙa da Wikipedia, akwai gurbin sunan uba a can, kwamfuta ce za ta tattaro.

Bulgeriya ce za ta fi ba ka wahala, don a can sunan uba da na zuriya duk -ov ko -ev suke ɗauka. A Todor Hristov Zhivkov, Hristov na uba ne, amma a wurin wani Hristov ɗin ne na zuriya. Matsayinsa a jere kawai zai gaya maka: na tsakiya a bar shi, na ƙarshe a sa shi.