Kar ka sayi inshorar WhatsApp, ko da ta zo a rabin kuɗi

Wasiƙar wannan makon daga garin Milton Keynes na Ingila ta fito. Mai ita yana aikin kula da tsofaffi gida-gida, wata goma ke nan yana tuƙi da lasisin Najeriya. Kuɗin inshorar mota ya sha masa kai, sai wani a zauren WhatsApp ya ce zai samo masa a rabin farashi idan aka sa adireshin wani ƙauye. Ga kuma yayansa a Zariya, tun da ya ga hoton gidan da yake haya, ya ɗora masa kayan ɗakin 'yarsa. Ya ce, "Malam, in karɓa ko in bari?"

Ƙanena, ka bari. Amma zan fara ba ka gaskiyarka, don wanda bai san garin ba cewa zai yi ka ajiye motar ka huta. A 1967 gwamnati ta ware wurin domin sabon gari, aka zana shi a takarda kafin a aza tubali. Manyan tituna sun gitta juna kamar gidan dara, masu H da masu V, kowanne da lambarsa, ga shataletale kusan a kowace mahaɗa. Kowane gida na darar nan, wajen kilomita ɗaya, unguwa ce guda: Fishermead, Netherfield, Conniburrow. Bishiyoyi sun kare su daga titi. Ka shiga ciki, gidaje ne iri ɗaya a jere da lunguna marasa ɓullewa. Ba mai shayi, ba mai tireda a ƙofar gida, ba ɗan acaɓa. Da hunturu ƙarfe biyar sai ka ji tsit, kowa ya ja labule. Akwai jajayen hanyoyin keke da ke bi ta ƙarƙashin tituna, to amma wanda zai yi wa tsohuwa wanka ƙarfe bakwai a Bletchley, wata kuma tana jiransa a Wolverton kafin takwas, keke ba zai fisshe shi ba. Motar ce kafar abincinka, shi ya sa ba a wasa da takardunta.

Na ga irin waɗannan dillalan fiye da sau ɗaya. Wani takardar bogi zai buga maka. Wani zai sayi ta gaske da bayanan ƙarya, ya turo maka, bayan mako biyu ya soke ta ya karɓe kuɗin. Wani bawan Allah da na sani bai farga ba sai da 'yan sanda suka tsayar da shi a hanyar aiki, don kyamararsu tana karanta lambar mota ta duba rumbun inshora nan take. Ya nuna takarda a waya, suka ce babu ita. Aka ɗauke motar, ya kira dillali, lamba a kashe. Hukuncin farko tarar fam 300 ne da makin laifi shida a lasisi. In ta kai kotu tarar ba ta da iyaka, kuma sai ka bayyana hukuncin ranar da za ka nemi zama na dindindin. Adireshin ƙauyen kuwa kai za a tuhuma da shi, da sunanka aka yi ƙaryar.

Duk wanda zai sayar maka da inshora, ka nemi sunansa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora. In ka saya, ka duba lambar motarka a askMID, shafin da ke nuna ko mota tana da inshora. Ka kuma faɗa musu kana zirga-zirga tsakanin gidajen waɗanda kake kulawa, don inshorar zuwa aiki da dawowa kawai ba ta ɗaukar wannan.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ka ambace shi a taƙaice. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake yi maka daga ranar da ka zauna a ƙasar, kuma ba a musanya shi. Saura wata biyu. Ka nemi lasisin koyo daga DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, yau, ka ci jarrabawar ka'idoji, ka kama layin ta tuƙi, wanda kan ɗauki watanni. In lokacin ya cika ba ka ci ba, ba ka da ikon tuƙi kai kaɗai. Ka sanar da wurin aikinka tun yanzu su duba ko za su haɗa ka da mai mota.

Sai Yaya. Hoto ya gani: ciyawa, mota a ƙofa, bene. Bai ga cewa ɗaki ɗaya ne naka ba, bai ga harajin ƙaramar hukuma da kuɗin ɗumama gida ba. Laifinka a nan shi ne tura hoton ba tare da lissafin ba. Kayan ɗaki nauyin uba ne, naka gudummawa ce, kuma ba a yanka wa mai gudummawa farashi. Ka kira shi da ladabi, ka ce, "Yaya, ga abin da ya sawwaƙa, sauran na takardun mota ne, in babu su babu aikin." Ka faɗi adadin sau ɗaya, kar ka yi alkawarin ƙari bayan Sallah. In ya kai ƙara wajen Hajiya, ka karanto mata albashinka da abin da ke fita, layi-layi, har kuɗin malamin tuƙi.