Me ya bambanta Prosecco da shamfen?

Malam, ka tambaya ko Prosecco shamfen ce ta Italiya. A'a, dukansu giyar inabi ce mai kumfa, amma kumfar ce kawai ta haɗa su.

Shamfen ta Faransa ce, a cikin kwalba ake tsima ta karo na biyu don ta yi kumfa. Prosecco kuwa daga inabin Glera na yankunan Veneto da Friuli a Italiya ake yin ta, a tsima ta cikin manyan tankunan ƙarfe da aka rufe gam, iskar da yis ke fitarwa ta narke a ciki. Federico Martinotti, wani masanin giyar inabi ɗan Italiya, shi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1895. Tana da sauri, shi ya sa Prosecco ta fi araha.

In kana neman wadda ta bi hanyar shamfen a Italiya, Franciacorta ce ta Lombardiya.